Bos ɗin Die Hard da Malam Snape: wai da gaske mutum ɗaya ne?

Sadiku Mai Kaset:
Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare yarana suna kallon Harry Potter a falo, ni ina gefe ina cin tuwo, ban ma kula su ba. Sai na ji wata murya daga talabijin, mai nauyi, tana fitar da magana ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga kuɗin da ba nasa ba. Na ajiye loma na ce wallahi na san muryar nan. Na ɗaga kai sai ga wani Bature da baƙar riga har ƙasa, gashi ya rufe masa kunnuwa. Fuskar ta shige mini duhu. Sai da na kwanta abin ya faɗo mini: bos ɗin Die Hard ne, na farkon, wanda ya faɗo daga saman bene. Kaset ɗin nan na ba da hayarsa har sai da zaren ya tsinke sau biyu ina liƙewa. Shi ne kuwa, ko kunnena ne ya fara tsufa?

Nafisa:
Kunnenka ƙalau yake, Kawu. Shi ne. Sunansa Alan Rickman. Ni kuma akasin naka ne ya same ni, a Snape, malamin nan na Harry Potter, na fara saninsa, sai daga baya yayana ya nuna mini Die Hard na ga malamin namu da gemu da kwat yana harbe mutane.

Sadiku Mai Kaset:
Alhamdulillahi. Yana nan da rai?

Nafisa:
Ya mutu ranar 14 ga Janairun 2016, yana da shekara 69. Kansa ce ta kama shi a ciki.

Malam Habibu Zariya:
Sadiku, ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi, don haka ku yi haƙuri da tsawon abin da zan rubuta.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne Die Hard shi ne fim ɗin sinima na farko da mutumin nan ya taɓa yi a rayuwarsa, kuma lokacin da aka ɗauke shi yana da shekara 41. Fim ɗin ya fito a 1988. Ku tsaya ku yi lissafi: a shekarun da wasu jarumai suke fara fitowa a matsayin uban yarinya, shi a lokacin ya fara tsayawa gaban kyamarar Hollywood.

An haife shi a yammacin Landan ranar 21 ga Fabrairun 1946, gidan talakawa. Mahaifinsa ma'aikacin masana'anta ne, yana kuma taɓa fenti. Ya mutu Alan yana ɗan shekara takwas, ya bar uwar da 'ya'ya huɗu, ita ta riƙe su da aikin gidan waya, a irin gidajen nan da ƙaramar hukuma ke ba marasa ƙarfi. Yaron yana da kai, sai ya samu gurbin karatu a wata makaranta mai suna Latymer, a can ya fara wasan kwaikwayo. Amma da ya gama bai bi wasan ba. Ɗan talaka maraya ba ya cewa uwarsa zai zama ɗan wasa. Zane ya karanta, a kwalejin Chelsea, sannan Royal College of Art, ya kuma buɗe shagon zanen tallace-tallace da abokansa. Sai da ya kai shekara 26 ya rufe ido ya nemi shiga RADA, babbar makarantar koyar da wasan kwaikwayo ta Ingila. Ya yi ta daga 1972 zuwa 1974. A lokacin, don ya samu na abinci, aikin sa wa manyan 'yan wasa kaya yake yi a bayan dandamali, cikinsu har da Ralph Richardson.

Daga 1974 zuwa 1987 fa? Shekara goma sha uku yana wasan daɓe, gari-gari, sai ɗan abin da ba a rasa ba a talabijin ɗin BBC. Waɗannan shekarun su ne ba mu gani ba, kuma a ganina su ne suka yi bos ɗin da Sadiku bai manta muryarsa ba.

Sadiku Mai Kaset:
Allah ya gafarta Malam, na ji tarihi, amma bos ai bos ne. Mu a shago abin da yara ke tambaya biyu ne: wane ne ekta, kuma yaya bos ya mutu. Bruce Willis ne ya ja fim ɗin, shi ya yi ta gudu ba takalmi a kan gilas.

Malam Habibu Zariya:
To gaya mini sunan bos ɗin Die Hard na biyu, ko ka kwatanta mini fuskarsa.

Sadiku Mai Kaset:
Kai Malam. Wani kanar ne dai, a filin jirgi.

Malam Habibu Zariya:
Ka gani? Wani kanar ne dai. Shi kuwa wancan, bayan shekara talatin da wani abu, kana cin tuwo ka gane shi ba ka ma kalli fuskarsa ba.

Sani Kontinuiti:
Ni a harkar fim nake cin abinci, don haka bari in ɗan saɓa wa Malam, da girmamawa. Wannan maganar ta cewa wanda ya fito daga daɓe ya fi kowa iya fim, ana yawan faɗinta, amma mu da ke lokeshan mun san wahalar da 'yan daɓe ke ba mu. Mutum ya saba sai ya ɗaga murya na kujerar baya ya ji, ya saba da wurga hannu da zare ido. Ka kawo masa kyamara dab da hanci sai ya cika ta ya batse. Akwai wani dattijo da muka yi aiki da shi, tsohon ɗan wasan daɓe, fitowa ɗaya muka maimaita sau goma sha wani abu, darakta yana roƙonsa Baba rage, Baba rage. Daɓe sana'a ce daban, kyamara sana'a ce daban.

Shi kansa Rickman ɗin ku duba Robin Hood na 1991, inda ya fito a hakimin Nottingham. Ihu, zare ido, shure-shure, har da cewa da cokali zai ƙwaƙule zuciyar mutum. In ɗan wasanmu ya yi haka cewa za ku yi ya cika zaƙewa.

Nafisa:
Amma Yaya Sani ai da wannan rawar ya ci kyautar BAFTA.

Sani Kontinuiti:
Kyauta ba hujja ba ce, ƙanwata. Mu ma nan ana ba da kyaututtuka.

Malam Habibu Zariya:
Sani, rabin maganarka gaskiya ce, kuma rabin ne mai daɗin ji. Wanda ya yi daɓe bai koyi komai ba sai ɗaga murya, shi ne dattijonka. Amma babban abin da daɓe ke koya wa mutum shi ne sanin lokacin da zai yi shiru. Kana gaban mutum ɗari biyar masu rai, kana jin tarinsu da motsin kujerunsu. In ka tsaya da magana daƙiƙa uku suka ɗauke numfashi, ka san ka kama su. In suka fara gyaran murya ka san ka ja da yawa. Wasa takwas a mako, wata da watanni, masu kallo ne ke gyara ka, ba edita ba. Koma ka kalli Die Hard ka ƙirga sau nawa bos ɗin, Hans Gruber, ya ɗaga murya. Kowa a benen nan ihu yake, shi kaɗai yake magana kamar mai karanta wasiyya. Wurin da yake neman shugaban kamfanin a cikin taron ma'aikata, yana tafiya a hankali yana karanto tarihin mutumin, ba gaggawa. Wannan ba a gaban kyamara ya koye shi ba, tunda bai taɓa tsayawa gabanta a Hollywood ba sai ranar.

Batun Robin Hood kuwa, da gangan ya yi. Sau biyu yana ƙin karɓar rawar, sai da aka yarda ya yi ta yadda ya ga dama, har ya sa abokansa marubuta suka gyara masa wasu layukan. Ya ga fim ɗin yana neman yin nauyi da yawa, sai ya mayar da hakimin abin tsoro kuma abin dariya. Mai zaƙewa bai san ya zaƙe ba. Shi ya auna ya zuba.

Sadiku Mai Kaset:
Robin Hood ɗin da Morgan Freeman ya fito a Musulmi? Azim? Wannan ma ya yi kasuwa a shagona, saboda mutanenmu suna jin daɗin ganin baƙin mutum Musulmi ya fi Turawan cikin fim ɗin ilimi. Ashe shi ne hakimin! Wato bos sau biyu ke nan, da Snape uku. Malam ka ga maganata ta fito, bos ne.

Abdu Damagaram:
Assalamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ina ta karatu ina dariya, don duk gardamar taku a kan murya ce, mu kuwa nan ba mu taɓa jin muryar tasa ba sai da muka girma. Finafinan da ke zo mana an juya su zuwa Faransanci. Die Hard a wurinmu sunansa Piège de cristal, Snape kuma ko sunan ba su bar masa ba, Rogue ake ce masa. Wani Bafaranshe ne ke magana a bakinsa. Duk da haka ina lakwal muna tsoronsa. Yadda yake juyowa da rigar nan, yadda yake kallon yaro ta gefen ido bai motsa kai ba. Ranar da na fara jin muryarsa ta asali a waya sai na ji kamar an ba ni miyar da aka daɗe ana ba ni ba gishiri. Don haka ni ina bayan Malam Habibu, amma ina ƙarawa: ba murya kaɗai ba ce, jikin ma ya san aiki.

Nafisa:
Kuma muryar fa asalinta matsala ce. An haife shi da muƙamuƙi a ɗaure, ba ya buɗe baki sosai, shi ya sa maganar ke fitowa daga can ciki a hankali.

Sani Kontinuiti:
Wannan ta Abdu ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Fassara tana tona asirin ɗan wasa. Mu da muka saba da finafinan Indiya da ake juyawa zuwa Hausa mun sani, akwai jarumin da in an cire muryarsa ba abin da ya rage sai gashi. Amma har yanzu ina nan kan bakana game da cokali.

Mudi:
Ni dai ban ga amfanin ɓata data a kan wani Bature da ya mutu ba, wanda ma aka san shi da fim ɗin bokaye. Namu 'yan wasan nawa ne suka rasu ba a yi musu wannan zaman ba?

Hajiya Larai:
Mudi, zauren fim ne, kuma watan jiya kwana biyu muka yi a kan Samanja, ban ga ka ce uffan ba. Amma tunda ka tambayi amfani, bari in ba ku wani ɓangare na mutumin nan da ban ga kowa ya taɓo ba.

Kun san Rachel Corrie? Ba'amurkiya ce 'yar shekara 23. Ranar 16 ga Maris na 2003, a Rafah da ke Gaza, ta tsaya gaban motar rusau ta sojojin Isra'ila don hana a rushe gidan wasu Falasɗinawa, motar ta bi ta kanta ta mutu. Sojojin sun ce direban bai gan ta ba, kotun Isra'ila ma a 2012 ta ce haɗari ne, abokanta da ke wurin kuwa sun ce ya gan ta sarai. Jaridar Guardian ta buga wasu daga cikin wasiƙun da take aika wa iyayenta daga Gaza. Rickman ya karanta, abin ya tsaya masa a rai. Shi da wata 'yar jarida, Katharine Viner, wadda daga baya ta zama babbar editar jaridar, suka tattara wasiƙun da littattafan da yarinyar ke rubuta sirrinta tun tana ƙarama, suka mayar da su wasan daɓe, My Name Is Rachel Corrie. Shi ya ba da umarni. An fara nuna shi a Royal Court a Landan a 2005.

Lokacin ina Landan ina aikin jinya, wata abokiyar aikina ta ja ni. Shi ne karo na farko da na shiga gidan wasan daɓe a ƙasar. Mace ɗaya ce tal a dandamali daga farko har ƙarshe, ba waƙa ba rawa, tana faɗin kalmomin yarinyar. Da aka gama mutane sun ɗan jima ba su tafa ba.

Da aka zo kai wasan New York a 2006, gidan wasan da ya yi alkawarin nunawa ya ɗage shi ba ranar dawowa. Rickman bai yi shiru ba, ya fito ya ce wannan toshe baki ne da tsoro ya haifa. Ku tuna a lokacin yana tsakiyar cin kuɗin Harry Potter, yana da abin da zai rasa a Amurka. Daga baya a shekarar wani gidan wasan ya nuna shi a New York ɗin.

Mudi:
Wannan kam ban sani ba, Hajiya. Na janye rabin maganata.

Sadiku Mai Kaset:
Rabin da ya rage na bokayen ne ko? Bar shi a wurinka, ni ma ban cika son yaran suna kallo ba, uwarsu ce ta fi ƙarfina.

Nafisa:
Tunda an zo kan bokaye, Kawu, Snape ba bos ba ne fa. Ka bari yaran su kai na ƙarshe.

Abin da ya fi burge ni shi ne wannan. Fim na farko ya fito a 2001, littafin ƙarshe kuma bai fito ba sai 2007. Wato shekaru ana ɗaukar fim ba wanda ya san ko Snape mugu ne ko na kirki, har daraktocin. Rickman ya nemi marubuciyar, J. K. Rowling, ta ba shi wani abu da zai riƙe, ta gaya masa wani ɗan sirri a kan mutumin, shi kuma bai faɗa wa kowa ba. Shi ya sa in ka gama fim na takwas ka koma na farko sai ka ga wani fim daban. Kallon da yake yi wa Harry ranar farko, da ka ɗauka ƙiyayya ce zalla, sai ka ga akwai wani abu a ƙarƙashinta. Shekara goma yana taka rawa mai fuska biyu, kowace ka duba ta zauna daidai.

Sani Kontinuiti:
A nan zan sara masa, don aikina ke nan. Riƙe hali ɗaya a fim takwas, daraktoci huɗu, shekara goma, ba wasa ba ne. Mu shiri mai dogon zango ake yi, kafin zango na uku jarumi ya manta yadda yake magana a na farko.

Sai dai ya yi wa rawar tsufa. Snape na littafi ɗan shekara talatin da 'yan kai ne, shi kuwa ya haura hamsin da aka fara, ya kai sittin da biyar da aka gama. Ba shi aka fara nema ba ma, Tim Roth ne, ya bari ya tafi Planet of the Apes. Kuma masu karanta littafin suna cewa ya sa mutumin ya yi kwarjini fiye da kima, na littafin ya fi ƙanƙanta da mugunta, mai cin zalin yara ne kawai.

Nafisa:
Na karanta littattafan, kuma gaskiya ne na littafin ya fi baƙin hali. Amma ni na fi son nasa. Sannan a littafin ajiyar sirrinsa da aka buga a 2022 an ga cewa ya so ya bar fim ɗin a tsakiya. An yi masa aikin kansar prostate, ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar maza, a farkon 2006, bayan nan ne ya yanke shawarar ya ƙarasa abin da ya fara. Ba wanda ya san yana ciwo a lokacin sai na jikinsa.

Malam Habibu Zariya:
Bari in koma baya kaɗan, don akwai gaɓar da na tsallake, kuma ita ce ta haɗa daɓen da Hollywood.

A 1985 kamfanin wasanni na Royal Shakespeare ya shirya Les Liaisons Dangereuses, labarin wasu masu sarautar Faransa na ƙarni na 18 da suka mayar da lalata rayuwar mutane abin nishaɗi. Rickman ne Valmont, mayaudarin, Lindsay Duncan kuma abokiyar makircinsa. Wasan ya tashi daga ƙaramin ɗaki a Stratford, ya je Landan, ya haye New York a 1987, har aka sa sunansa a takarar Tony, babbar kyautar wasan daɓe ta Amurka. To da aka zo mayar da shi fim, sai aka ɗauki John Malkovich, saboda shi Amurka ta sani. Mutum ya raini rawa shekara biyu a ba wani. Amma a wannan wasan ne masu shirya Die Hard suka gan shi. Da bai sha wahalar Valmont ba, da babu Hans Gruber. Har kayan da ya sa shi ya kawo shawarar: ya ce a bar shi da kwat irin ta 'yan kasuwa, kada a sa masa kayan 'yan ta'adda. Ka san mutumin ɓarawo ne mai aji, dala miliyan 640 ya zo ɗauka.

Kuma don kada Sani ya ce ina yabon ɗan kuturu, daɓen ma ya taɓa kayar da shi. A 1998 ya yi Antony and Cleopatra na Shakespeare tare da Helen Mirren a National Theatre, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca. Bai hana shi komawa ba. A 2001 shi da Lindsay Duncan suka sake haɗuwa a Private Lives, wasan barkwanci, ya sake shiga takarar Tony.

Sani Kontinuiti:
Faɗowar ƙarshen nan ta Die Hard kuwa, Kawu Sadiku, tsoron da ka gani a fuskarsa na gaske ne. Shi da kansa aka sako daga sama zuwa kan katifar iska. An ce masa sai an ƙirga uku za a sake shi, sai suka sake shi kafin a kai. Ka ga nan kam ba RADA ba daɓe, dabarar 'yan bayan kyamara ce. A ba mu namu.

Malam Habibu Zariya:
An ba ku. Daƙiƙa biyu a cikin awa biyu.

Abdu Damagaram:
Malam ya rama. Amma ina da tambaya, bai taɓa fitowa a mutumin kirki ba ne? Duk abin da kuka lissafa mugu ne ko mai kama da mugu.

Hajiya Larai:
Ya fito, kuma shi kansa ba ya son a riƙa kiransa mugun fim. Nemi Sense and Sensibility na 1995. Ya fito a Kanar Brandon, mutum mai shekaru da ke son yarinya, Kate Winslet, ita kuma hankalinta na kan wani saurayi mai zaƙin baki. Ba ya roƙo, ba ya kuka, yana gefe yana jira, in ta shiga matsala shi ne a wurin. Na sha cewa da a Kano aka yi labarin nan ba abin da za a canza sai kaya. Akwai kuma Truly, Madly, Deeply, inda ya fito a mamacin da ya dawo wurin matar da ta kasa daina kukansa. A Galaxy Quest kuma barkwanci ya yi, ya fito a ɗan wasan Shakespeare da ya ƙare a shirin talabijin na 'yan sama jannati yana ƙunci, kamar yana tsokanar kansa. Rasputin na 1996 ya kawo masa kyaututtukan Emmy da Golden Globe. Oscar kuwa ko takara ba a taɓa sa shi ba.

Sadiku Mai Kaset:
Ko takara? To ina girman?

Sani Kontinuiti:
Kawu ai ni na ce kyauta ba hujja ba ce, yanzu maganar tawa ta dawo tana kare shi.

Mudi:
Iyali fa? Ya bar 'ya'ya?

Nafisa:
Bai haihu ba. Mace ɗaya ya sani tun 1965, Rima Horton, yana 19 tana 18. Ta koyar da tattalin arziki a jami'a, ta kuma yi kansila a Landan a jam'iyyar Labour. Ba su ɗaura aure ba sai 2012, a New York, a ɓoye.

Sadiku Mai Kaset:
Shekara 47 ana zance! Ina waliyyanta?

Hajiya Larai:
Sadiku ka ji ka. Al'adarsu daban, ba tamu ba ce, ba kuma mu ce a kwaikwaya ba. Amma a sana'ar da aure ke mutuwa kafin lalle ya goge, mutum ya yi shekara hamsin da mace ɗaya, da talaucinsa da arzikinsa, wannan ma abin a faɗa ne.

Malam Habibu Zariya:
Sani, kai nake so ka amsa mini wannan, don kai ke ciki. Mu ma fim ɗinmu daga ƙungiyoyin wasan daɓe ya fito. Turmin Danya na 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta yi shi. Su Kasimu Yero da Samanja kafin kyamara ta same su sun san yadda ake riƙe taro. Yau yaron da ke son shiga fim, ina zai je ya tsaya gaban mutane masu rai su gyara shi?

Sani Kontinuiti:
Gaskiya babu, Malam, sai 'yan sashen wasan kwaikwayo na jami'o'i, su ma in sun gama ba kasafai suke zuwa wurinmu ba. Yanzu furodusa mabiyanka na TikTok yake fara tambaya. Amma kada mu yi wa yaran rashin adalci. Rickman ya yi shekara goma sha uku a daɓe ne saboda a ƙasarsu daɓe yana biyan kuɗin haya, ko da ƙyar. Akwai gidajen wasa a garuruwa, gwamnati na tallafa wa wasu, mutane na sayen tikiti. Wa zai ciyar da yaronmu shekara goma sha uku yana koyon yin shiru?

Malam Habibu Zariya:
Wannan tambayar ta fi ƙarfina.

Hajiya Larai:
Kafin a watse, wanda bai ga Eye in the Sky ba ya nema. Shi ne fim na ƙarshe da aka ga fuskarsa a ciki, an fara nuna shi a 2015. Ya fito a janar ɗin sojan Birtaniya da ke zaune a ɗakin taro a Landan da 'yan siyasa, ana gardamar ko a harba makami daga jirgi marar matuƙi kan wani gida a Nairobi da 'yan al-Shabab ke ciki, ga kuma wata yarinya ta kasa burodi a jikin katangar gidan. Helen Mirren ce kanar ɗin da ke matsawa a harba. Kusan duk fim ɗin yana zaune a kujera ne. Na sake kallonsa bayan abin da ya faru a Tudun Biri a Disambar 2023, ban iya ƙarasawa a zama ɗaya ba.

Sadiku Mai Kaset:
A nan bos ne ko ekta?

Hajiya Larai:
Kalla ka gaya mana.

Sadiku Mai Kaset:
To Nafisa, in kin shigo unguwa ki turo mini shi a waya, da na kanar ɗin nan mai haƙuri. Na bokayen kuma a wane ne ake gane gaskiyar Snape ɗin? Ba zan iya zaman fim takwas ba.

Nafisa:
Na takwas ɗin ne, Kawu. Amma in ka tsallake bakwai ba za ka ji komai ba.

Sadiku Mai Kaset:
Sai a jira a kawo wuta ke nan.